Lamba a Fiffike

Wannan babin shi ne na fi jinkirin rubutawa, alhali saboda shi na ɗauki alƙalami tun farko. Na san abin da kuka taso kuna ji a Zongo game da ni. Kun ji an ce ubanku ya bar mahaifiyarsa kwana biyar cikin zargin maita, yana sane da gaskiya ya yi gum, don kunyar a ce ƙaton magidanci yana wasa da malam-buɗe-littafi. Ba ku taɓa tambayata ba, kuna da tarbiyya, amma na sha ganin tambayar a idon babbarku duk ranar da wani ya kira ni Mamman Mai-raga a gabanta. To ku gyara zama. Waɗanda na rufa wa asiri duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafa ta fara nauyi, ba na son in tafi da maganar a ciki.

A shekarar da nake faɗa ina aiki a rumfar Alhaji Garba, maƙwabcinmu kuma babban mai goro a unguwa. Aikina buga shaida a kan huhu. Goro ya sauka daga yamma, a zazzage, a tsince ruɓaɓɓe, a sake ɗaure shi cikin ganye, sannan ni in zo da shuni da ɗan tsinke in zana wa kowane huhu alamar mai shi da garin da za shi. Huhun da ba shaida ɓatacce ne tun bai bar rumfa ba. Da yake na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, na iya rubutun Faransanci, da juyin juya hali ya zo aka kafa komite a kowace unguwa, sai aka ɗora mini sakatare. Ban nema ba, ban kuma isa in ƙi ba. Zamanin kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, har liman in ya shiga ofis.

Kakarku Inna kuwa ba ruwanta da kamarad. Ba'arawa ce daga wajen Dogondutsi, Baba ya kawo ta Kwatano tana amarya, ta tsufa a bakin teku ba ta yarda ta sa kaguwa a baki ba ko sau ɗaya. Abin da ta zo da shi daga gida irin tafasa ne ƙulle a bakin zane. Akwai wani tsirin fili tsakanin katangarmu da shingen layin dogo wanda ba mai shi, nan ta watsa, kuma tafasa ba ta ƙara barin wurin ba. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Takan tsinko ganyen da safe ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono, 'yan ci-rani masu dako a kasuwar Tokpa su taru a ƙofar gidanmu. Wani yakan kai loma ɗaya ya yi shiru, ka san ya tuna uwarsa.

Da ruwan farko ya sauka tafasa ta yi toho, sai baƙinta su zo. Haka take kiransu, baƙina. Malam-buɗe-littafi ne farare, jefi-jefi da masu ruwan ɗorawa, suna biyo layin dogo daga yamma su sauka a kan tafasa kamar an zazzage buhun auduga. Duk Zongo ba inda suke taruwa sai nan, don ba inda ya rage da ciyawa sai nan. Sukan yi ƙwai a ganye, tsutsa koriya ta fito ta yi ta ci. Da wata ce da ta watsa toka ta huta. Inna kuwa sai ta ware layin da ke jikin shinge ta hana kowa taɓawa, ta ce rabon baƙi ne. Da hantsi za ka ji ta tana tsinkar ganye tana yi musu sannu da hanya, tana tambayarsu yadda suka baro mutan gida. Mu da muka tashi da abin ba mu taɓa ganin komai a ciki ba.

Sai ga shekarar da rediyo ya tashi da yaƙi da maita da tsafi. Aka shiga sare manyan itatuwan da 'yan ƙasa ke yi wa yanka, ana share kurmin da suke ajiye gumakansu. Aka shiga kwasar tsofaffi a mota, yawanci mata, a tsayar da su a rana sai sun amsa abin da ba su yi ba. Da idona na ga wata a Tokpa-Hoho da aka sako, an aske mata kai, tana zaune a bakin kwata, 'ya'yan da ta haifa sun ƙi buɗe mata ƙofa. Mu mutanen Zongo muka ce wannan rigimar masu gumaka ce, ina ruwan Musulmi. Mun manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Delegen unguwarmu, wato shugaban komite, wani tela ne mutumin Zugu, sunansa Isifu. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a irin wannan zamani bambancin kaɗan ne. An ce kowace unguwa ta kawo sunaye, wadda ba ta kawo ba a tambayi delegenta dalili. Dama yana jin haushin Inna, don sau uku ana aika mata ta nome dajin nan ranar aikin gayya na Asabar, sau uku tana cewa wanda zai sare mata tuwo ya fara kawo mata wani. Ana cikin haka Ladi, jikar Alhaji Garba, 'yar shekara huɗu, ta kwanta da zazzaɓi mai zafi har tana sambatu. Ranar Asabar muna tsaye da tsintsiya a ƙofar masallaci sai ga Hajiya Kande, matar Alhaji, ta fito ko mayafin kirki babu, riƙe da kwanon sha mai murfi. Ta dire shi a gaban delege ta buɗe. Malam-buɗe-littafi ne fari, matacce, kuma a cikin fiffikensa an yi rubutu da baƙar tawada, siriri kamar zare: harafi ɗaya da lamba biyu.

"Kan gidan sauron yarinyar na same shi," in ji ta. "Ku gaya mini, jama'a, wane ne ke kiwon waɗannan a unguwar nan? Wa ke ajiye musu abinci? Wa ke magana da su?"

Kowa ya juya ya dube ni. Ba na zargin Hajiya Kande, ku ma kada ku zarge ta. Kwana uku ba ta runtsa ba, jikarta na hannun Allah, ga kuma abin da ba wanda ya taɓa gani tun da aka kafa Zongo. Delege ya ja ni gefe, gumi na tsattsafo masa.

"Kamarad sakatare, ka gani da idonka. Ranar Alhamis za a kai takarda sama. Ni ba ni da yadda zan yi. Ka rubuta sunan da kanka, ko in sa wani ya rubuta."

Na rubuta. Da hannun nan na dama na rubuta sunan uwata, don takardar ta zauna a aljihuna ba a aljihun wani ba. Na roƙe shi ya bar mini kwanon har Alhamis, ya ba ni da sauri, don shi ma ba ya son kwana da shi a gida.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku. Da na shiga gida na tarar da Inna tana dakan ƙuli, sai na tsinci kaina ina duban yatsunta, ko zan ga tawada. Matar da ko alifi ba ta iya ja ba! Amma na tuna ƙasarsu ƙasar bori ce, na tuna hirar da take yi da ƙwarin nan, shaiɗan ya kaɗa mini ganga na taka rawa na ɗan lokaci. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Labari ya riga ni isowa, don ranar ko mutum ɗaya bai zo sayen kwaɗo ba. Ba ta ɗago ba. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana, sai ta ce da turmin:

"A gaya ma wanga yaro, in sun zo kar shi yi kokawa da kowa. Yana da ɗiya ƙanana."

Da la'asar na ga ta buɗe adaka ta fito da farin ƙyallen da ta ajiye na likkafaninta, ta naɗe shi cikin ɗan ƙunshi tare da carbi da buta, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Ganin ƙunshin nan ne ya wanke mini kai.

Washegari na zauna a zaure na buɗe kwanon, na dubi rubutun da idon sana'ata. Mai asiri ɓoye aikinsa yake, ya binne ko ya wanke a sha. Wannan kuwa an yi shi a fili, a tsare, a wurin da hannu ba zai goge ba, daidai yadda nake zaɓar gefen huhun da ba ya gogar ƙasa. Harafi da lamba: gari da lissafin kaya. Na ce a raina, wallahi wannan shaida ce. Wani ne ya buga wa ƙwaron nan alama a inda ya taso don yana son sanin inda zai sauka. Kuma duk mai buga shaida yana da rumfa. Harafin G ne, baƙin Inna kuma daga yamma suke zuwa. Na hau ɗan babur ɗina mobilet na nufi Godomey, garin da ke yamma da mu.

Kwana biyu ina yawo ina tambayar abin da ke sa a yi wa mutum kallon taɓaɓɓe. Direbobi suka yi mini dariya, masu kifi suka kore ni. Ranar Litinin da azahar wata mai sayar da itace ta ce akwai wani mushe, haka ake kiran malamin boko a nan, da aka sallama daga koyarwa, yana yawo da raga a bakin sanda a bayan layin dogo, wajen kurmin da aka sare. Can na same shi, siririn mutum da tabarau ɗaure da zare, tsugune a cikin kututture. Sunansa Dosu. Da ya ga baƙo da babbar riga ya miƙe zai gudu, sai na buɗe kwanon na miƙa masa. Ya duba, ya buɗe wani littafi da ya sha hannu, ya bi layi da yatsa, sai ya kama hannuna da hannu biyu kamar na kawo masa albishir ɗin haihuwa.

"A ina? A ina ka same ta?"

"Zongo."

"Zongo! Ta ƙetare gari duka! Akwai tafasa a can?"

Bai bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba sai da ya zagaya da ni. Kurmin a da ya haɗe da wani, wannan ma ya haɗe da na gaba, har bakin tafki. Yanzu saura 'yan gutsattsari, kowane a tsakiyar fili. Ya nuna mini wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da ke shawagi a inuwar sauran itatuwan. Ya ce waɗannan ba sa fita rana, ko faɗin titi ba sa ƙetarewa, don haka tun da aka yanke kurmin suke aure a tsakaninsu, ɗan wa da 'yar ƙani, zuriya bayan zuriya, kuma ya fara ganin ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa da fiffike a murɗe. Na ce wannan ai ko mai kiwon awaki ya sani, shi ya sa ake aron bunsuru daga wani gida. Ya yi dariya ya ce to haka ne, sai dai su ba mai aro musu. Fararen kuwa matafiya ne, suna kai jini daga wannan wuri zuwa wancan, amma su ma sai da masauki a hanya inda za su ci su yi ƙwai. Abin da yake son sani ke nan, ko masaukin ya rage. Ya ce filin uwata ya fi ƙarfin abin da take zato.

Sannan na gaya masa. Na ce ranar Alhamis za a kai sunanta, ya zo da littafinsa ya yi wa komite bayani, magana ta ƙare. Sai na ga farin cikin ya zube daga fuskarsa. Ya zauna a kan kututture ya cire tabarau.

"Ɗan'uwa, kawuna ne mai kula da kurmin nan. Wata biyu ke nan da aka tafi da shi, ba mu san inda yake ba. Ni an kore ni daga aiki don ɗalibaina sun yi bore. Ka dubi littafin nan, taswira ce da lambobi, ga layin dogo na zana, ga filin jirgi. In na buɗe shi a gaban komite, me kake tsammani za su kira ni? Ina da 'ya'ya uku."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce tawadarsa ce za ta kai tsohuwa rana. Ya ce ya sani, yana hawaye. Ina iya zuwa in faɗi sunansa da inda yake, jandarma su ɗauko shi, Inna ta kuɓuta. Na auna wannan a zuciyata, kuma ba a take na ajiye shi ba. Sai ɗaya daga cikin fararen nan ta zo ta sauka a bakin ragarsa. Ina kallonta na ji bakina ya ce:

"Mushe, aikin nan yana da wuyar koyo?"

Ragowar ranar da Talata da Laraba na yi su a Godomey. Ya koya mini yadda ake kaɗa raga daga ƙasa a murɗa bakin, yadda ake riƙe ƙirjin ƙwaron da yatsa biyu ba a matse ba, a kwantar da fiffike a kan gwiwa a rubuta ba a huda ba. Hannun da ya saba da huhu ya yi ɓarna, Allah ya yafe mini waɗanda na karya. Na yi ta kwaikwayon rubutunsa a bayan takarda har shi kansa ya kasa bambancewa. Ya ba ni alƙalami ɗaya da 'yar kwalbar tawada da tsohuwar raga, na rantse masa sunansa ba zai fita daga bakina ba.

Ranar Alhamis da safe, kafin a tafi da takarda, na roƙi delege ya tara komite da dattawa a bayan gidanmu. Rabin Zongo ya biyo su. Inna na zaune a kan tabarma da ƙunshinta a cinya. Na fito da raga, na ji an fara ƙus-ƙus. Na kaɗa sau ɗaya na kuskure, wani ya tuntsire da dariya. Na biyu na kama. Na tsuguna na rubuta harafi da lamba, na ajiye ta kusa da ta cikin kwano, sannan na sake ta ta tashi a gaban kowa.

"Ni ne nake rubutawa," na ce. "Ina kai su Godomey in sake, in ga ko za su dawo. Binciken ilimi ne, kamarad delege. Tsohuwar nan ba ta san komai ba."

Delege ya duba wannan rubutu, ya tuna wancan, na ga yana lissafi a ransa. Zamanin ba kalmar da ake so a rapor, wato rahoton da ake kai sama, kamar ilimi da kimiyya. Unguwar da ta kasa kawo mayya amma ta kawo bincike ba za a tsawata wa delegenta ba. Sai fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya ya yi jawabi a kan yadda talaka mai buga huhu ya kori duhun kai da hasken juyin juya hali, ya karɓi takardar ya ja layi a kan sunan. Ya ƙara da cewa daga yau ba mai taɓa tafasar nan, kuma kowane wata kamarad sakatare zai kawo rapor a rubuce. Jama'a suka ɗau tafi. Wallahi ban taɓa jin iska ta shiga ƙirjina kamar ta wannan safiya ba.

Amma Alhaji Garba bai yi tafi ba. Ya tako har gabana, dattijon da ya riƙe ni tun ina saurayi, ya yi magana a hankali, kowa kuwa ya ji.

"Mamman, tun Asabar ka san kai ne, ka bar uwarka ta naɗe likkafani? Ka bar iyalina ta ɗauki zunubin tsohuwa? Wanda ya iya wannan, ba zan ba shi amanar huhuna ba. Kada ka zo rumfa gobe."

Duk abin da zan faɗa in wanke kaina, igiya ce a wuyan Mushe Dosu. Na sunkuyar da kai, jama'a suka watse suna tofa albarkacin bakinsu, kuma daga ranar labarin da kuka sani ya samo asali.

Da muka shiga gida Inna ta kwance ƙunshi, ta mayar da farin ƙyalle cikin adaka, ta rufe. Na zaci za ta yi kuka ko ta sa mini albarka. Ta dubi bango ta ce:

"Wanga yaro ko kiyashi bai taɓa kamawa ba. Wa yake ɓoyewa?"

Na gaya mata duka. Sai ta ce:

"Mai ɗiya uku?"

"Uku, Inna."

"To a bar shi inda yake. Amma ni ba ni zama gida ɗaya da maƙaryaci. Tunda an ce ana yi, sai a yi."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai Inna ta tilasta mata ta yi. Ga delege na jiran rapor, ga tsohuwa na tashina in rana ta ɗaga, haka na zama mai bin malam-buɗe-littafi da gaske. Na koma dako da 'yan rubuce-rubucen wasiƙa a bakin gidan waya, aikin da bai kai rabin na rumfa ba, kuma kun sha gari da ruwa a shekarun nan fiye da yadda ya kamata, ku yafe mini. Mahaifiyarku ta sha gori a gidan biki ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba. Ladi kuwa ta tashi bayan mako guda da aka kai ta gidan likita, ashe zazzaɓin sauro ne. Na yi sujada ranar, don da yarinyar ta mutu, ba raga ba alƙalamin da zai hana a dawo kan Inna.

Abin da ban zata ba shi ne aikin zai shiga raina. Na buga wa nawa harafin Z. Duk ƙarshen wata in je Godomey kamar mai sayen itace, mu haɗa littafi da Mushe. Ranar da ya nuna mini ta farko mai Z da ya kama a can, mu biyu manya muka yi ta tsalle a cikin kututture. Na gano masu ruwan ɗorawan nan duk mata ne, kuma uwa fara tana iya haifar mai ɗorawa, kamar yadda ƙaramarku ta ɗauko hasken kakar da ba ta taɓa gani ba. Na gano akwai wata tafasa a bayan wani gareji, da wata kusa da Placodji, na bi masu wurin da lallami kada su nome. Ƙananan masu ruwan ƙasa dai ba mu iya yi musu komai ba. Kowace shekara suna raguwa, har damina ta zo da muka nema ba mu ga ko ɗaya ba. Mushe ya rufe shafinsu. Shi kansa ya rasu kafin zamanin kamarad ya wuce, a gadonsa, 'ya'yansa na kewaye da shi. Bayan nan na iya yin magana, amma Alhaji Garba ya riga ya tafi, kuma in na wanke kaina sai na tona cewa dattijo ya zalunce ni. Na ga bai dace ba.

Inna ta ƙara shekara tara a ɗakinta. 'Yan ci-rani suka dawo da kwanukansu tun satin farko, ciki ba ya riƙe gaba. Matan unguwa ne suka daɗe, kunya ta hana su shigowa. Hajiya Kande takan sauya hanya in ta hango ta, Inna kuwa duk Juma'a sai ta aika mata da kwaɗo, ana dawo da kwanon a wanke ba saƙo. Ban taɓa jin sun yi magana ba, kuma ban daina fargaba ba, don na san irin wannan suna ko an ja masa layi a takarda yakan kwanta a zuciyar mutane, ya jira ranarsa.

Ta rasu da hantsi, wata Talata a farkon damina. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, amma hankalina na cikin gida, ina jira in ga wace mace za ta yarda ta taɓa gawar. Mahaifiyarku ta ɗora ruwa ita kaɗai. Sai na ji takun sanda a ƙofa. Hajiya Kande ce, ta tsufa ƙwarai, Ladi na riƙe da hannunta, bayansu matan unguwa har bakin titi. Ba ta dube ni ba ta wuce ciki. Na ji muryarta tana cewa a ba ta ƙwaryar, ita za ta zuba, kowa ya matsa. Ina zaune ina jin zubar ruwan ta bayan katanga, liman na yi mini magana ban san me yake faɗa ba.

Da suka gama ta fito, hannun rigarta jiƙe har gwiwar hannu. Ta tsaya a kaina, karo na farko cikin shekara tara.

"Mamman, mun gama. Uwarka tsaf ta tafi."

Na ce alhamdu lillahi. Na tashi muka ɗauke ta.